Na Kai Yarana Jos Su Ga Kawunan Nok, Sai Muka Tarar da Ganuwar Garinmu

Asalin wannan tafiya aikin gida ne da aka ba babbar 'yata, Ummi, wadda take aji ɗaya na ƙaramar sakandare. An ce su rubuto tsofaffin al'adu huɗu na Najeriya, ta kuwa jero su tiryan-tiryan kamar mai ba da hadda: Nok, Ife, Benin, Igbo-Ukwu. Da ta gama sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, ita Nok ɗin kusa da Masar take?" Na yi dariya, amma dariyar iyakarta leɓe, domin yarinyar ta san dalar Giza da labarin Fir'auna daga talabijin, ba ta san ƙauyen Nok yana kudancin Jihar Kaduna ba, a ƙasar Jaba, tafiyar da ba ta kai yini ba daga ƙofar gidanmu. Ni kaina mai dariyar ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikin kawunan da ake magana a kansu ba sai a hoton littafi. A daren na yi musu alkawari cewa da zarar an ba da hutu zan kai su gidan tarihi na Jos, ina zaton kafin lokacin sun manta. Ashe kwanaki suke ƙirgawa.

Mun bar Kano ranar wata Talata cikin watan Disamba, bayan sallar asuba, mu biyar a mota: ni da uwargida, sai Ummi da Halifa mai shekara tara da Auta mai shekara biyar. Na sha mai na naira dubu arba'in tun daren jiya don kada layi ya ɓata mana safiya. Bayan motar kuwa cike yake da tsarabar da za a kai wa Gwaggo, ƙanwar mahaifin uwargida, wadda aure ya kai ta Jos shekara arba'in da suka wuce: daddawa, kuka, alkaki, kilishi da turmin atamfa. Daga titin Zariya har Kwanar Ɗangora babu abin faɗa, yaran duk barci suke yi. A nan muka karya hagu muka ɗauki hanyar Tudun Wada, gari ya waye mana cikin hazo, ba a hango komai sai fitilun manyan motoci.

Dajin Falgore shi ne wurin da uwargida ta fi fargaba, saboda labaran 'yan fashi da ta taso tana ji, don haka tun daga Tudun Wada ta ciro carbi ta daina amsa mini hira. Shingayen bincike suna da yawa a tsakanin nan da Saminaka, wasu a ɗaga maka hannu ka wuce, wasu a tambaye ka "na ruwa" cikin raha, ka ba da ko ka ba da haƙuri. Shinge ɗaya ne ba zan manta da shi ba. Wani jami'i ya sa na buɗe bayan mota, ya dubi ƙullin daddawa, ya ce, "Alhaji, biki za a je ne?" Na ce masa gidan tarihi zan kai yara su ga kayan Nok. Sai ya bar binciken, ya zagayo ta tagar da Ummi take, ya ce mata shi mutumin Jaba ne, garinsu ba nisa da Kwoi, kuma yana yaro kakansa ya sha tono gutsattsarin irin waɗannan abubuwa da garma a gona, wani lokaci hannu, wani lokaci ɓarin fuska, a ajiye a gefen kunya a ci gaba da noma. Ummi ta yi ta kallonsa baki buɗe. Bayan mun wuce ta ce, "Baba, ashe mutanen Nok suna nan da ransu, har suna jin Hausa." Na ce mata sunan ƙauyen ne aka ara aka sa wa waɗancan mutane na dā, amma na bar sauran bayanin sai mun isa.

Dab da Saminaka tayar baya ta yi faci, muka ɓata kusan awa guda a gindin wata bishiyar mangwaro, inda mai faci ya ciro ƙusa mai tsawon ɗan yatsa ya karɓi naira dubu biyu, yaran kuma suka karya da ƙosai da kunu. Daga Jengre hanya ta fara hawa, duwatsu suka fara bayyana, manya a kan ƙanana kamar wani ne ya ɗora su da hannu. Auta ya yi ta ƙorafin kunnensa ya toshe, sai da uwarsa ta ba shi alewa ya tsotsa. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma jiki yana gaya wa mutum haka tun kafin ya ga allon shiga gari. Mun ratsa Mista Ali da Farin Gada, inda kabeji da karas da tumatur suke jibge a bakin titi, muka isa Gangare bayan azahar.

Mutumin Kano yana ganin ya san sanyi, tunda yana da hunturu. Wannan kuskuren na yi, na ce wa uwargida kada ta cika jaka da kayan sanyi. Da magariba ta yi sai na ga Halifa yana karkarwa, ruwan alwala kuwa kamar an ciro shi daga firji. Sanyin Kano busasshe ne, yana fasa leɓe da kaushi, na Jos kuwa shiga ƙashi yake yi, bai damu da babbar riga ba. Ba shiri ɗan Gwaggo ya raka ni wajen masu gwanjo na sayo rigunan sanyi uku da safa a kan naira dubu goma sha ɗaya, uwargida ba ta ce komai ba, kallon da ta yi mini ya wadatar. Da dare Gwaggo ta yi mana gwaten acca mai zafi da ganye, da soyayyen dankalin turawa, wanda a can ba a ɗauke shi abincin marmari ba kamar yadda muka ɗauke shi.

A kan wannan gwate ne na gaya mata abin da ya kawo mu. Ta ce, "Au, gidan zu za ku?" Na ce gidan tarihi dai. Ta ce ai duk ɗaya ne, wuri guda suke, ta sha kai yara kallon dabbobi da sallah, amma ɗakin gumakan nan ko leƙa shi ba ta taɓa yi ba, me zai kai ta? Kalmar gumaka ta faɗa kunnen Halifa, wanda a Islamiyya bai daɗe da karanta ƙissar Annabi Ibrahim, alaihis salam, ba. Ya dube ni ya ce, "Baba, gumaka za ka kai mu gani?" Na ce ya bari sai gobe. Uwargida ce ta lallashi Gwaggo har ta yarda za ta bi mu, bisa sharaɗin idan ta ga abin da bai yi mata ba za ta fito ta jira mu a inuwa.

Washegari bayan mun karya da masa da miyar taushe muka shiga mota mu shida. Gidan tarihin yana gindin wani dutse cikin itatuwa, ba nisa da tsakiyar gari, kuma da ka shiga harabar hayaniyar 'yan Keke Napep sai ta koma kamar daga wata unguwa take zuwa. Kuɗin shiga ba shi da yawa, na yara ya fi sauƙi. Wani ma'aikaci mai matsakaicin shekaru ya ɗauki nauyin zagayawa da mu, yana bayani da irin Hausar Jos mai daɗin saurare. Ya fara da cewa an buɗe gidan a 1952, kuma wanda ya tsaya a kan kafa shi wani Bature ne ɗan Ingila, Bernard Fagg, ma'aikacin mulkin mallaka da ya karanci ilimin tono kayan tarihi. Ya ce duk labarin daga kuza ya taso. A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok suka tono wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu, aka ajiye shi ba tare da an san darajarsa ba. A 1943 kuma aka kawo wa Fagg wani kan daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin wurin haƙar ya kafa a gonarsa ta doya ya yi shekara guda yana korar tsuntsaye da shi. Da Fagg ya kwatanta biyun ya ga hannu iri ɗaya ne, sai ya fara bin ramukan kuza yana roƙon leburori su riƙa ajiye masa duk abin da suka tono.

Labarin mutum-mutumin gona ya ba yaran dariya ƙwarai, Auta har da riƙe ciki ko da yake ban tabbata ya gane ba. Dariyar ta ɗauke ne lokacin da muka tsaya gaban gilashin farko. A hoto ban taɓa lura da yadda idanun suke ba. Kowane ido an zana shi kamar kusurwa uku ko rabin wata, gira a sama, an huda tsakiyarsa, kuma wannan huda ita ce take sa ka ji kamar abin yana kallonka duk inda ka matsa. Launin yumɓun ja ne mai duhu, jikinsa da ƙurajen tsakuwa saboda ruwa ya wanke santsin da aka shafa masa tun asali. An huda hanci, an huda kunne, wasu har baki a ɗan buɗe kamar an katse su ana cikin magana. Ummi ta tambayi dalilin hujin. Ma'aikacin ya ce cikinsu rami ne, domin yadda ake gina tukunya haka aka gina su, ana naɗa yumɓu zobe a kan zobe, kuma hujin yana ba zafi hanyar fita lokacin gashi don kada su tarwatse a wuta. Gwaggo, wadda ta tsaya a baya tana riƙe da bakin mayafi, ta ce, "Wannan gaskiya ne, ko tulu idan ya yi kauri ba a bar masa numfashi ba, fashewa yake." Daga nan ta matso.

Abin da ya kama matan shi ne kitso. Ni da na zo da shekaru a kaina ina ta lissafi, su gashin kai suke dubawa. Wani kan an tara masa gashi tukkaye-tukkaye, wani an raba shi gida-gida da tsaga mai kyau, wani kuma kamar an ɗora masa hula, ga duwatsun wuya jere a kan jere. Ummi ta nuna ɗaya ta ce irin wannan aka yi wa wata 'yar ajinsu da sallah. Gwaggo ta daɗe tana duban wani, sannan ta ce wanda ya yi wannan ko dai makitsiya ce, ko kuwa ya zauna kusa da makitsiya, domin wanda bai san yadda ake kama gashi ba ba zai san inda tsaga take juyawa a bayan kunne ba. Na karanta abubuwa da dama a kan Nok kafin mu taso, ban gamu da bayanin da ya kusanto mini da mutanen kamar wannan ba.

Sai Halifa ya jawo hannun rigata. Ya lura cewa kusan duk abin da ke cikin gilashin a karye yake, kai babu jiki, ƙafa babu gangar jiki. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, wani Annabi ne ya karya su?" Na rasa abin cewa, na dubi ma'aikacin, shi kuma ya yi murmushi irin na wanda ya saba da tambayar. Ya ce wasu ruwa ne ya gangaro da su cikin kwari ya farfasa su, amma masu bincike daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, waɗanda suka fara aiki tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya a 2005, sun tono wurare da dama inda ga alama da gangan aka farfasa su aka binne. Masana ba su haɗu a kan dalilin yin su ba: wasu na ganin siffofin magabata ne, wasu na danganta su da kaburbura. Mutanen ba su bar rubutu ba, ko sunan da suke kiran kansu bai iso gare mu ba. Ni kuma na ƙara wa Halifa da cewa ba bauta ta kawo mu ba, kallo da lura ne, kuma Alƙur'ani da kansa ya umarci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance. Na tuna masa cewa mu ma Kanawa akwai lokacin da kakanninmu suke taruwa a gindin Dala wajen Barbushe da Tsumburbura, kuma sanin haka bai rage wa kowa imani ba. Bai ce ya gamsu ba, amma ya saki rigata ya koma gaban gilashin.

Shekarun ne suka fi ba ni wahalar fassara wa yara. Binciken da aka yi ya nuna mutanen sun fara zama a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, siffofin yumɓun kuma sun fara bayyana wajen 900 kafin haihuwarsa, suna daga cikin mafiya tsufa a Afirka kudu da Sahara. A Taruga, kusa da Abuja, an tono matoyar narkar da tama da ta nuna sun iya fitar da ƙarfe. Duk wannan bai motsa Auta ba. Abin da ya shige shi shi ne da aka ce an samu ƙonannen gero da wake a inda suka zauna, an kuma gano alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. Ya ce, "To suna shan fura?" Ma'aikacin ya ce gero dai suna da shi, sauran sai a tambayi Gwaggo.

A nan zan faɗi kuskurena ga duk mai niyyar kai yara irin wannan wuri. Na fara da ɗakin da ya fi buƙatar natsuwa alhali yaran suna cike da ƙarfin safiya, na kuma so su karanta kowane ɗan allo da aka liƙa. Kafin awa ta cika Auta ya fara manna tafin hannu da hanci a jikin gilashi, ya kwanta a ƙasa, ya ce ƙafarsa ta mutu. Ɓangaren sassaƙe-sassaƙen itace da fuskokin dodanni da kayan kiɗa mun ratsa shi ne da sauri, shi yana ɓoye fuska a zanin uwarsa. An gaya mini akwai tarin tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da aka adana a gidan, na so in tsaya tambaya a kansu, hali bai yi ba. Yaro mai shekara biyar abu uku ko huɗu zai iya ɗauka, kuma shi zai zaɓe su, ba kai ba.

Abin da ya farfaɗo da shi tsohon kan jirgin ƙasa ne da ke ajiye a waje. Wannan na cikin kayan siririn layin dogo da ya haɗa Zariya da Jos, wanda aka kammala a 1914 don kwashe kuza, aka rufe shi a 1957. Yayin da yaran suke zagaya shi suna kukan jirgi da baki, Gwaggo ta zauna a kan wani dutse ta ba mu labarin da ban taɓa ji daga bakin dangin uwargida ba. Ta ce wan mahaifinta yana cikin waɗanda aka kwasa lokacin yaƙin Hitila aka kawo aikin tilas a ramukan kuza, abin da mutane suke kira ɗiban gwamna, kuma ya koma gida da tarin da bai rabu da shi ba har ya rasu, kullum yana cewa sanyin Jos ne ya shige shi. Na tuna rigunan gwanjon da na saya jiya don dare ɗaya kawai. Na kuma tuna cewa hannuwan irin waɗannan leburori ne suka fara ɗago kawunan da muka baro a ciki, ko da yake sunan Bature ne ya zauna a littafi.

A rumfar tukwane kuwa ma'aikacin ya ja baya ya bar wa Gwaggo fage. Tukwane ne daga sassa daban-daban na Najeriya, waɗanda wata Baturiya, Sylvia Leith-Ross, ta yi ɗawainiyar tarawa, wasu tsayinsu ya kai ƙirjin Halifa, wasu an yi musu zane tun daga wuya har gindi. Gwaggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran suna: wannan randa ce, wannan tulu, wannan kaskon wuta na mai jego, wannan tanda, wannan tukunyar dahuwar magani. Na ji kunya da na gane 'ya'yana ba su san bambancin randa da tulu ba, su da suka tashi da ruwan leda da firji. Ta nuna musu yadda ake ƙwanƙwasa tukunya da ɗan yatsa a ji ko ta gasu, ba ta taɓa ta ba, a iska ta kwatanta. Ummi ta ciro tsohuwar naira ashirin daga jakar uwarta, ma'aikacin ya nuna mata hoton Ladi Kwali a bayanta tana ginin tukunya, ya ce ga magajiyar wannan sana'a a aljihunku kuna yawo da ita.

Bayan mun ci abincin da muka taho da shi muka gangara ɓangaren gine-ginen gargajiya, wanda wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya tsara bayan ya shafe shekaru yana auna gine-ginen ƙasa a faɗin Najeriya. Na san akwai shi, amma ban shirya wa abin da na gani ba. Muna karya kwana sai ga ganuwa ta tashi a gabanmu, ja, mai faɗin gindi, tana siririncewa zuwa sama, da ƙofa a jikinta. Halifa ya ce, "Baba, wannan katangar wane gari ce?" Na ce ta garinku ce. Ya ce a'a, a Kano ai babu irin wannan.

Maganar ta soke ni, domin yaron bai yi ƙarya ba. Kullum sai mun bi ta gefen badala a hanyar kai su makaranta, abin da yake gani shi ne tudun ƙasa da ruwa ya zaizaye, an ci gefensa da shaguna, wani wurin an mai da shi juji, wani wurin an kwashe ƙasar an yi gini da ita. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, mu jikokin masu ita mun cinye ta da kaɗan-kaɗan, har sai da na yi tafiyar kusan kilomita 300 na hau dutse kafin in nuna wa ɗana kamanninta. Na tsaya na yi musu bayanin tubali, yadda ake mulmula shi da hannu mai tsini a sama, a shanya, a jera shi a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, da yadda a dā kowace unguwa take da rabonta na yaɓe bayan damina. Ginin ƙasa ɗan lele ne, shekara ɗaya aka yi masa sakaci sai ya nuna, balle a gari mai ruwan sama kamar Jos.

Cikin kwaikwayon Masallacin Juma'a na Zariya ne kowa ya yi shiru ba tare da an ce a yi ba. Na asalin Babban Gwani ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, kuma abin da ya rage daga cikinsa yanzu yana ƙunshe ne a cikin sabon ginin zamani. Daga waje ba ka zaton komai. Da ka shiga sai sanyi da duhu su tare ka, idonka ya ɗauki lokaci kafin ya washe, sannan ka ga ginshiƙai masu kauri da zane a jikinsu, bakan gizo yana tashi daga wannan ya haɗu da na wancan a can sama, azara jere a tsakani kamar saƙar tabarma. Babu siminti, babu rodi. Ummi ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya zame. Halifa, wanda tun safe yake ɗari-ɗari, ya cire takalminsa da kansa a bakin ƙofa, ko da yake ba wanda ya ce ya cire. Auta ya gwada cewa "Allahu akbar" don ya ji yadda muryarsa za ta dawo, Gwaggo ta ce masa ya yi a hankali. Ita kuma ta dafa wani ginshiƙi ta ce rabonta da jin ƙamshin irin wannan ɗaki tun soron kakanta.

Gidan zu mun shiga ne don cika wa Auta alkawari, ya ga birai da jimina ya gamsu. A bakin fita uwargida ta tsaya wajen masu sayar da kayan hannu ta sayi 'yar ƙaramar randa a kan naira dubu huɗu, bayan cinikin da Gwaggo ta karɓe ta yi da kanta, ta ƙwanƙwasa uku ta ajiye kafin ta yarda da ta huɗu. Mun sake kwana a Gangare, wannan karon kowa da rigar sanyinsa. Da na haɗa lissafi a daren, mai na zuwa da dawowa da faci da gwanjo da abinci da tsarabar dankali da kabeji da muka yi a Farin Gada, tafiyar ta ci kimanin naira dubu ɗari da talatin, kuma da ba a gidan Gwaggo muka sauka ba da ta fi haka nesa ba kusa ba.

Dawowa ba ta zo da wani abin labari ba, sai dai uwargida ta rungume randar a cinya tun daga Jos saboda ramukan hanya, carbin kuma yana ɗaya hannun har muka fita daga Falgore. Mun shigo Kano da la'asar sakaliya. Da muka hau titin da ya bi ta Ƙofar Ɗan'agundi zuwa Ƙofar Na'isa, Halifa ya ce in tsaya. Na samu wuri na faka, ya fita ya tsallaka kwata ya je wajen wani guntun badala da ya rage a tsaye, ya sunkuya yana dubawa. Can sai ya ɗago yana kiran yayarsa da hannu, wai ta zo ta gani, ya samu tubali guda a jiki, da tsininsa a sama kamar yadda aka faɗa.